Na ce wa Kawu ruwan inabi ne

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a sassauta mini zagi, zuciyata ta riga ku farawa.

Shekarata shida ina aikin tafinta a Guangzhou ta ƙasar Sin. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni, mutumin da ko turare ba ya fesawa sai ya bincika ko da giya a ciki. Abin da bai sani ba, yawan raka masu masana'anta cin abinci a unguwar Tianhe ya sa na ƙware a zaɓen giyar inabi: ja mai ɗaure harshe sai da naman sa, fara mai tsami-tsami sai da kifi, mai zaƙi kuwa ita ke kwantar da yaji. Da sunsunawa na fara, na koma ɗanɗanawa, har Sinawa suka riƙa miƙo mini takardar zaɓi ina wani hura hanci. Ni da aka yi wa walimar sauka!

Wata biyu da suka wuce Kawu ya zo sarin jakunkuna, muka je wata masana'anta a garin Shiling. Laoban, wato mai masana'antar, ya kai mu cin abincin rana, aka kawo kifi mai yaji, ya ce in zaɓa kamar kullum. Na zaɓi fara mai zaƙi, marar ƙarfi, da nufin Sinawan su sha abinsu. Kafin in ankara an tsiyaya wa Kawu, Laoban ya miƙe tsaye riƙe da kofi da hannu biyu, alamar girmamawa, yana jira su sha tare. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai, wannan fa mene ne?" In na ce giya ce, tambaya ta gaba ita ce wa ya zaɓa, kuma ina ya koya? Sai na ji bakina ya ce, "Ruwan inabi ne, Kawu." Ƙarya na yi? Ai ruwan inabin ne. Amma na san abin da ya fahimta. Ya yi bisimilla ya shanye, ya ce, "Kai, lemon nan ya yi, ya kashe yajin nan tas." Sau uku ana ƙara masa, ina kallo.

Na ɗauka magana ta mutu a teburin. Ashe Laoban ya ji daɗi, ya sa katan ashirin kyauta a kwantenar Kawu, can bayan jakunkuna, rubutun kwalaben duk Sinanci. Ban sani ba sai da jirgi ya bar tashar ruwa ta Nansha, sannan Laoban ya sanar da ni da Kawu.

Shekaranjiya Kawu ya turo saƙon murya daga Kano, yana ta sa mini albarka: "Lemon nan naka ba zan taɓa ko kwalba ɗaya ba, na yi niyyar sadaka. Masallacin unguwa zan kai, a yi buɗa-baki da shi ran ɗaya ga azumi. Har na faɗa wa Liman kai ka zaɓo."

In na faɗa, na gaya wa dattijo ya sha giya da bisimilla a hannun ɗan 'yar'uwarsa, kuma mahaifiyata sai ta ji. In na yi shiru, sahu guda na masu azumi za su buɗe baki da ita, ciki har da mahaifina, don nan yake salla. Kwantena saura mako uku ta iso, azumi saura biyar.

Jama'a, me zan yi?