Birkin Makwarwa

Talata, 6 ga Satumba

Likita ya ce in riƙa rubutu, wai yana wasa ƙwaƙwalwa bayan irin wannan ciwo. To ga shi ina yi. Tun da ɓarin jikina ya shanye cikin azumi ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, yatsun hagu ne har yau suka ƙi damƙa.

Yau kasuwar garinmu Azru ke ci, na leƙa layin tsofaffin kekuna kamar kullum. Wani dillali ya ce, "Si Hammu, yanzu sai kallo ko?" Na ce kallona ya fi sayen wasu albarka. Ɗan banza.

Juma'a, 9 ga Satumba

Matata Ittu ta sake tada maganar ɗakin baƙi, wai na mayar mata da shi bargar kekuna, 'yan'uwanta in sun zo sai su kwana a falo. Shekara arba'in da aure, har yau ba ta bambance keken hawan dutse da na mai tallan kifi.

Na fito da Makwarwa, keken da na fi ji da ita, tsakar gida na goge ta. A saman motar wasu 'yan ci-rani da suka dawo daga Faransa na tsince ta, ƙarƙashin katifu, ba su ma san abin da suka ɗauko ba. Wani maƙeri ne a Kalifoniya ya yi ta da hannunsa, irinta ba su kai ɗari ba, kuma dabbare-dabbaren fentin nan shi ya yarfa shi da kansa, ba biyu da suka yi kama. A kanta na yi gadin daji har na yi ritaya. Ko noti ɗaya na zamani bai taɓa hawa jikinta ba.

Na gwada matsa birkin hagu, na tayar gaba. Bai motsa ba. Wayar ce ta yi tsatsa, ina jin.

Laraba, 14 ga Satumba

'Yata Zuhur ta aiko mijinta daga Maknas da keke mai batir. "Baba, danna nan kawai za ka yi." Na ce wannan ba keke ba ne, firij ne aka sa wa taya. Ya ci tajin ɗinsa, dahuwar naman nan ta kasko, ya koma da kayansa.

Lahadi, 18 ga Satumba

Zaman ƙungiyarmu ta masu tsofaffin kekuna a gidan shayi. Hawan bana ranar sha shida ga Oktoba, ta cikin daji zuwa Ain Luh. Doka tana nan: keken da aka ga ƙarfen wannan ƙarni a jikinsa ba ya samun lambar shiga hawan. Ni na tsara ta, kuma ina alfahari da ita.

Si Mbarek, abokina tun muna da gashi, shi ne mai raba lamba yanzu. Ya ta juya kofi yana kame-kame, can ya ce sun yi shawara in bi su a mota, in riƙe musu butar shayi. "Girmamawa ce, ɗan'uwa." Makwarwa kuma a rataye ta a bangon gidan shayin kowa ya gani.

Rataya. Sai ka ce rago ranar layya.

Na ce ya rubuta sunana cikin mahaya. Ya rubuta, amma bai ɗago ya dube ni ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Asabar, 24 ga Satumba

Na hau ta a gangaren bayan gida. Ban faɗi ba, sauka na yi da sauri. Birkin baya kaɗai bai riƙe ta ba, taya ta ja ƙasa, katangar maƙwabci ce ta tare mu. Fenti lafiya, na duba shi kafin in duba gwiwata.

Ittu ta shafa min man zaitun. Sai da ta gama ta ce, "Tsoho, ba zan ce kada ka hau ba, na san wanda na aura. Amma in za ka hau, ka hau abin da ke tsayawa."

Ba tsatsa ba ce. Na sa wa wayar mai har sau biyu.

Talata, 27 ga Satumba

Na bi ta gaban rumfar Ma'allam Haddu mai walda, wucewa kawai nake. Ya kira ni, ya kama hannuna na hagu ya jujjuya kamar mai sayen kaza. Ya ce akwai birkin zamani mai faifai, mai aiki da mai, ana haɗa gaba da baya su koma hannun dama, yatsa biyu sun isa. Sai dai a liƙa wa firam ɗin keken kunnuwan ƙarfe da wuta, gaba da baya. Fentin wurin zai ƙone, kuma ba mai dawo da shi har abada.

Na ce ya wanke bakinsa. Ya yi dariya ya ce, "Ni ƙofar gida nake haɗawa, Si Hammu, ba ruwana da addininku na keke."

Alhamis, 29 ga Satumba

Na ce bari in sadaukar da ɗaya cikin sauran kekunan. Na gwada su kaf. Duk sandar samansu ta yi tsayi, ƙafar hagu ba ta tsallakawa. Makwarwa kaɗai ce mai ƙasa-ƙasa. Kamar da gangan.

Asabar, 1 ga Oktoba

Ina matsa ƙwallon roba tun safe. Hannun zai dawo. Likitan nan yaro ne.

Litinin, 3 ga Oktoba

Magana ba ta kwana a Azru. Si Mbarek ya zo har gida ya ƙi zama. Wai ya ji an gan ni wurin Haddu. Ya ce Makwarwa ba tawa ba ce ni kaɗai, amana ce, mu wucewa za mu yi ita ta saura. Ya ce ashe ba ni na kori ɗan mai kantin magani daga ƙungiya ba saboda sirdin zamani ɗaya? Ni ne, kuma da yau ne ma zan kore shi.

Na ce, "Mbarek, wanda ya ƙera ta don bango ya yi ta?" Ya ce wanda ya ƙera ta ya mutu, shi ya sa. Idonsa ya cika da ƙwalla, tsohon banza, saura kaɗan ya sa ni ma.

Ban ce zan yi ba. Amma ba wanda zai zo gidana ya gaya min abin da zan yi da kekena.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na kai ta wurin Haddu ya duba kawai.

Haddu ya ce in je in sha shayi, zai aiko a kira ni. Na ƙi. Ni na riƙe masa firam ɗin. Fentin ya kumbura ya yi baƙi ya naɗe, yana ƙauri kamar ƙonannen gashi. Ban kawar da kai ba. Da ya gama ya ce zai iya shafa wani fenti a kai ba mai ganewa. Na ce ƙarya ce ba zan sa mata ba, ya bar ta haka.

Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Na je wurin hawan. Duk suka zuba wa tabon wutar ido. Si Mbarek ya miƙo min lamba a ɓoye. Na ce ya mayar aljihu, doka doka ce, ba za a taka ta saboda ni ba. Amma daji ba na uban kowa ba ne. Na bari suka tafi, na bi bayansu ni kaɗai, ba lamba.

A babban gangare tsoro ya kama ni, gaskiya. Na sake ta. Da na hango kwanar rafi na taɓa birkin da yatsa biyu, ta tsaya cak inda na ce ta tsaya. Na daɗe a wurin, birai na kallona daga kan itace. Sannan na tura ta sama na sake gangarowa, don in tabbatar kawai.

Ina nan kan bakana. Birkin nan mummuna ne, Makwarwa ta lalace, yanzu ba mai tara kekuna da zai dube ta sau biyu. Mbarek bai zo ba da yamma, ban san yaushe zai zo ba.

Na ce wa Ittu ta ɗaure min burodi da zaitun, gobe ba zan ci rana a gida ba.