Karan da Mushe Yake Karɓa

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Ya ƙafar maigidanki? Mu nan Tama lafiya lau, alhamdu lillahi.

Zancen ɗiyarki Rabi da ke wurina ne. An kawo masu sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantarsu ta boko, kullum sai ya ce su zo da karan dawa su ɗaure goma-goma, wai haka ake koyon lissafi. Kin san tsadar kara bana, awakinmu ma ba su ƙoshi.

Na gwada ta, na ce ta cire bakwai daga talatin da biyu. Ta ce, "Inna, ai sai a kwance ɗauri guda," ta ba ni ashirin da biyar. Daidai ne kuwa. Amma karan ba ya dawowa gida, kuma ragon mushen sai sheƙi yake yi. Allah ya yafe mini in zato ne.

Baffanta ya ce a cire ta daga lakwal. Na ce ko ragon na ƙoshi, yarinyar ma tana ƙaruwa, a jira bakinki.

Ki sa mu cikin addu'a, ki gaida yara.

Yayarki,
Zainabu