Ni na ce baraj ɗin garinmu zai riƙe

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, ko sunan garinmu ba zan faɗa ba, ku dai sani wani ƙauye ne a ƙasar Tama. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kada ku jinkirta, domin damina ta riga ta kama kuma abin da nake tsoro ruwa ne.

Ina aiki da wani furoje, wato shirin raya karkara, na gyaran ƙasa, biro ɗinmu, wato ofishinmu, yana Madawa, muna kula da kwaruruwan Buza da Keita. Ni ne mai kwamfuta a wurin. Bara aka ce akwai tsofaffin baraj, wato madatsun ruwa, guda biyu da suke son gyara, amma guda ɗaya kaɗai za a iya yi kafin daminar bana, sai a duba wanda ya fi hatsari. Ɗaya yana can wajen Dewule, ɗayan kuwa shi ne wanda ke saman garinmu, wanda na koyi iyo a cikinsa. Shef ɗinmu, wato shugaban biro, dattijo ne injiniyan ruwa, shi ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki, ya ce in yi lissafin yawan ruwan da zai taru a kowane baraj idan aka yi babban ruwan sama. Ni kuwa da rawar kai na ce ai wannan abu ne mai sauƙi.

Ku yi haƙuri in ɗan bayyana aikin, don in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. Kwamfuta ɗaya ba ta iya lissafin kwari gaba ɗaya, sai na haɗa tsofaffi guda takwas da waya, na raba ƙasar kashi takwas tun daga kan dutse har gindin baraj, kowace kwamfuta da nata yankin. Kowace za ta lissafa ruwan da ya sauka a wurinta, ta aika saƙo ƙasa, ta ƙarshe mai lamba sifili wadda baraj yake hannunta ita za ta tara duka. Kamar dai yadda mutanen tudu suke kiran na fadama su ce ga ƙorama nan tafe. Tsarin da ke kai wannan saƙo tsakanin kwamfutoci sunansa MPI. Idan ka rubuta manhajarka ba ka haɗa ta kai tsaye, akwai wani umarni mpicc, shi ne kamar ɗan rakiya, yana kiran ainihin mai haɗawar ya ƙara masa duk kayan aika saƙon da kai ba ka iya tunawa da su. In an gama sai ka tashe ta da wani umarnin, mpirun. Sharaɗin kawai shi ne su biyun su kasance 'yan gida ɗaya.

To ashe a babbar kwamfutar da nake haɗa manhajar a kanta akwai MPI iri biyu, ɗaya na tarar da shi, ɗaya ni na saka da hannuna na manta. Kwarin Dewule na yi shi tun kafin in saka na biyun, ya fita daidai. Da na zo kan namu sai na gyara wani abu a manhajar, na sake haɗa ta da mpicc na wannan gida, na tashe ta da mpirun na wancan. Wallahi da ta ƙi tashi da ta yi mini gata. Ba ta ƙi ba, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, ta gama da wuri har na yi wa abokan aiki burga. Sakamako ya nuna ruwan ko kusa da bakin baraj ɗinmu bai kai ba.

Shef ya duba takardar ya daɗe, ya ce ƙanena ruwan nan bai yi kaɗan ba kuwa? A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Maimakon in koma in duba, sai na ce ai amfanin aikin da aka yi shekara da shekaru ke nan a kan tudu, ramukan tare ruwa irin su rabin wata da tassa, da jeren duwatsu da itatuwa, ƙasa ta koyi shan ruwa. Amsar ta yi masa daɗi, ta yi wa kowa daɗi, don abin da muke son ji ke nan. Ya sa hannu, na sa hannu, aka kai kayan aiki Dewule.

Da Sallah na je gida, mutane suna ƙorafi a ƙofar maigari cewa an tsallake mu. Na miƙe a gaban dattawa na ce su kwantar da hankali, kwamfuta takwas suka yi lissafi, baraj ɗin nan zai riƙe ko jikokinmu. A kan maganata wana ya gina ɗakuna biyu a ƙasa kusa da garkar albasarsa, ya sauko da Inna mahaifiyarmu daga tsohon gidanmu na kan tudu saboda gwiwarta ba ta son hawa. Gidaje kamar shida suka bi shi. Har Inna tana faɗa wa mata cewa karatun ɗanta ne ya sauko da ita kusa da rijiya.

Sati uku da suka wuce wuta ta ƙone babbar kwamfutar, na sake saka komai sabo, wannan karon MPI guda ɗaya. Don gwaji kawai na sake tashin lissafin garinmu, da bayanan nan dai na bara, ban canza komai ba. Ta daɗe ba ta gama ba, da ta gama sai na ga ruwa ya haure bakin baraj ya bi ta kan garake. Na ce sabon ne ya lalace. Na sake, haka. Na sake, haka. Sai na buɗe tsohon fayil ɗin da manhajar ke rubuta rahoton tashinta, wanda ban taɓa karantawa ba. A farkonsa kowace kwamfuta tana faɗin lambarta, ya kamata in ga sifili cikin takwas, ɗaya cikin takwas, har bakwai. Abin da na gani layi takwas ne iri ɗaya, kowace tana cewa ita ce sifili cikin ɗaya. Wato ba su san da juna ba. Dukansu yankin gindin baraj suka lissafa, ba wadda ta jira saƙo daga sama, ruwan yanki bakwai bai taɓa shiga lissafin ba. Na zauna ina kallon layukan nan har aka kira la'asar.

Washegari na shiga wurin Shef na nuna masa komai, ban ɓoye ba. Na zaci zai zage ni, da ma ya zage ni ɗin. Rufe ƙofa ya yi ya ce in rage murya. Ya ce baraj ɗin ya fi ni shekaru yana tsaye, ruwan da na lissafa irin wanda ba ya zuwa kowace shekara ne, kuma masu duba aikin furoje za su zo bayan girbi, in maganar ta fita yanzu za a iya dakatar da komai har da na Dewule da bai ƙarasa ba. Ya ce mu bari damina ta wuce, a saka namu cikin shirin baɗi shiru. Na ce mahaifiyata tana kwana a ƙarƙashin baraj ɗin. Ya ce to in ɗauke mahaifiyata, wa ya hana ni? Raina ya ɓaci, na ce sauran gidajen fa, su ba su da uwa? Sai ya tuna mini cewa sa hannu biyu ne a takardar, nasa na mai shirin ritaya ne, nawa na wanda matarsa ke da ciki. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na gwada hanyarsa, ban ji daɗin kaina ba amma na gwada. Na kira wana na ce ya mai da Inna kan tudu zuwa ƙarshen damina, na ce saboda sauro. Dariya ya yi. Ya ce, "Sauro? Ko dai baraj kaka tsoro? Ba kai na kac ce ko jikokinmu ba? Mu abin da kac ce shi munka riƙe." Sai Inna ta karɓi wayar ta ce, "Kak ka damu ɗana, nan ya hi mani daɗi, Allah shi yi ma albarka." Na ce amin, na kashe wayar.

Yanzu ga inda nake. In na je na tsaya a ƙofar maigari, a daidai wurin da na yi burgata, na ce na yi kuskure, maganar za ta kai meri, ofishin magajin gari, kafin azahar, daga nan ta kai biro. Aikina ya tafi, mutumin da ya yi mini hanya zai fita da kunya a ƙarshen aikinsa, kuma mai yiwuwa babban ruwan ma ba zai zo bana ba, in zama wanda ya tayar da gari a banza bayan ya yaudare su. In kuma na yi shiru, to kowane hadari da ya haɗo daga gabas sai in tuna gidajen da ke ƙarƙashin baraj. Na yi tunanin in aika sabon lissafin ga manyanmu ba suna, amma ni kaɗai ne na san mpicc a biro ɗin, ko yaro zai gane daga ina ya fito, kuma takarda tana iya kwana wata a kan tebur.

'Yan uwa, in fara da maigari ne, ko in ba Shef kwana biyu in ce ya faɗa da bakinsa ko ni in faɗa? Akwai injiniya a cikinku da ya san abin da za a iya yi wa baraj na ƙasa cikin gaggawa, ko buɗe masa hanyar zubar da ruwa a gefe? Ku zage ni in kuna so, na cancanta, amma ku haɗa da shawara.

Da safen nan wana ya kira yana mini tsiya, ya ce an yi ruwa mai kyau a kan dutse shekaranjiya, baraj ya cika gwanin kyau, har gindinsa ta baya ya fara zufa, ruwa yana tsattsafowa ta jikin bangon, yara suna wasa da laka a wurin. Ɗakin Inna shi ne na farko in ka sauko daga nan.