Ƙarin da Ya Fito da Sunana

Kura, Jihar Kano
Fabrairu, 2008

Zuwa ga Yaya Hafizu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ba ka sa'ar karatu a Maleshiya, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, kullum sai ta tambaya ko "wancan na nesa" ya yi aike, ka san har yau ba ta faɗin sunanka. Ta gidan waya na aiko wannan takarda, domin Baba ya hana ni zuwa shagon intanet, kuma abin da ya jawo hanin shi ne ya sa na rubuto.

Yaya, ka san yadda nake son dandalin 'yan Kura da ka buɗe a intanet ba tare da ka bayyana wa mutane naka ne ba. Ni na fassara maka maɓallansa zuwa Hausa, ni nake gwada duk ƙarin da ka rubuta wa manhajar kafin ka saka, har da na lokutan salla da na watan Musulunci. A aji ba na iya ɗaga hannu, amma a can, da sunan 'Yar Fadama, ina magana. Da wannan suna na rubuta bara cewa akwai mai toshe ƙaramin kanal na ban-ruwa da buhunan ƙasa ranar da ba tasa ba, gonakin da ke ƙasa da tasa su kwana da ƙishi. Ban ambaci kowa ba, sai dai duk wanda ke noman rani a layinmu ya san Baffa Jaji ne. Kai ne ka fara amsawa, ka ce gaskiya na faɗa, tun kana ƙarami yake yi wa Baba haka.

Sai ga sabon ƙarinka, wanda yake nuna sunan mutum na gaskiya da unguwarsu a ƙarƙashin rubutunsa. Na san don masu zage-zage ka yi shi. Amma shi kaɗai ne ba ka ba ni na gwada ba, da ka ba ni da na gaya maka ba sababbin rubuce-rubuce kawai ya kama ba, har da tsofaffi. Muntari ɗan Baffa ya gani, ya buga a takarda, ya karanta wa mahaifinsa a gaban mutane bayan Juma'a. Baffa ya ce tunda 'yar ƙaninsa ta kai shi duniya, to duniya ta ba mu ruwa. Tun ranar buhunan ba su tashi ba, ga tumatirinmu yana fure, ganyen ya fara naɗewa. Baba ya je ya durƙusa wa yayansa, aka ce masa ni ake jira. A gida bai dake ni ba, bai ma yi faɗa ba. Ya dai ce bai san ya haifi mai baki haka ba, kuma ko gaisuwata da gyaɗa kai yake amsawa.

Zan je in ba Baffa haƙuri, saboda tumatirin ba zai jira ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar nan da Muntari ya buga. Sunana yana nan ɓaro-ɓaro, Barira Muhammadu Sani, amma a ƙarƙashin amsarka Mai Dandali kawai aka rubuta, domin ka keɓe kanka daga ƙarin. Mutane suna ta tambaya ko wane ne, ni kuwa ban tona ka ba.

Ba cewa nake ka cire ƙarin ba, abin da aka buga ya riga ya zaga gari. Ka gyara shi kawai ya nuna naka sunan kamar na kowa. Na san aiki ne kaɗan a wurinka. Ko ba komai Baba zai san mu biyu ne muka ga abin da Baffa yake yi.

Inna tana sa maka albarka, Mansura da Usaini suna gaishe ka. Baba bai san na rubuto ba, don haka ba zan ƙirƙiro maka gaisuwarsa ba.

Ƙanwarka,
Barira