An Ƙwanƙwasa Mini Ƙofa

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, kada ki sa komai a ranki.

A gidan wankin da nake aiki, kullum kafin mu kunna injuna, kowace sai ta faɗi abin da ta gode wa Allah a kansa. Ni "lafiya" kawai nake cewa.

Makon jiya zazzaɓi ya ɗan kwantar da ni. Da ba su ji muryata ba, tsohuwar da ke guga ta biyo ni ɗaki da shayi.

Yau na ce musu, "An ƙwanƙwasa mini ƙofa." Wata bakwai, Inna, ban san ƙarar ƙofata ba.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki