Abin da Ya Sa Dodo Ke Kashe Baba

Tudun Wada, Jos.

Ƙanena Mwadkon,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da addu'ar Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin aiki. Ina fata sanyin Kanada bai kayar da kai ba, ko da yake abin kunya ne ɗan Jos ya yi kukan sanyi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata, autarmu Atine kuma ta fara jarrabawa a jami'a, can Naraguta.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto, don ba zan iya yin ta cikin wasa kowa yana ji ba. Tun da ka sa ya shiga ƙungiyarmu a wasan nan na waya, dodon farko kawai muka ci; Asabar huɗu ke nan dodon kogo yana gamawa da mu saboda shi. Dodo ya buga ƙafa sau uku, jan zobe ya fito a ƙasa, kowa ya ruga bayan dutse, Baba kuwa yana tsaye kamar mai jiran keke a bakin titi. Kai ka hana a yi wa sabon shiga bayani, wai daɗin wasa mutum ya gano da kansa. Cletus shugabanmu ya ce shi bai ga daɗi a shan kaye ba, in aka sake ran Asabar zai cire Baba ya sa wani. Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran injin jirgin ƙasa, a ce ƙirga uku ya gagare shi?

To, na karya dokarka. Jiya bayan coci na zaunar da shi ina ta zuba bayani kamar wata malama. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce na manta abu ɗaya: in dodon ya karkata wutsiya hagu, dutsen ma ba ya tsare mutum, sai an faɗa ruwa. Shekara guda ina wasan ban taɓa lura ba! Na ce ruwa ba ya tsami banza, dole ya gaya mini me ke tsayar da shi cikin zoben. Ya daɗe yana goge tabarau. Daga baya ya ce ranar da muka ci dodon farko, minti goma aka yi kowa ya kashe wayarsa. Amma in an faɗi akan sake har sau biyar, sai ya samu awa biyu yana jin muryarka, kana dariya kana yi masa faɗa.

Gaskiya na yi hawaye. Ya roƙe ni kada in gaya maka, ga shi na gaya. Ka kira shi kafin Asabar, kuma kada ka ce kana sauri.

Mama da Atine suna gaisuwa. Kawu Badung ya ce a tambaye ka ko ka manta lambarsa. Ka gaida matarka Bernadette.

Yayarka,
Magadaliya