Dirkokin Baba a cikin tabki

Litinin, 29 ga Janairu, 2024
Na zuba ƙumar ruwa goma-goma a kwalabe shida. 'Yan mitsi-mitsin halittun nan ne da kifi ke ci, jiya na ɗebo su daga tabkinmu na Jiga Birni. Kwalba biyar na ɗiga musu man kwalta, ta shida ruwan tabki zalla. Kwana biyu zan jira in ƙirga waɗanda suka mutu. Aikin kammala karatuna ke nan, ƙirga gawa.

Laraba, 31 ga Janairu
Duk sun mutu, har na kwalba ta shida. Malam Zaharaddeen da ke duba aikina ya ce ko ban wanke kwalbar ba, ko ruwan da kansa ne ba lafiya. Na ji haushi. Ni Lubna ce ban iya wanke kwalba ba?

Asabar, 3 ga Fabrairu
Na je gida ɗebo wasu. Tun daga nesa warin ya tare ni. Maiƙo kwance a kan ruwa, dodon koɗi birjik a gaɓa, ko kaguwa ɗaya ba ta motsi. Can cikin ruwa ga dirkokin rudun da Baba ke ajiye albasa, baƙi ƙirin, wancan zuwan ban lura da su ba.

Tun kakanni ana jiƙa itace a tabki don ƙwari su bar shi. Ni kuma a hutun da ya wuce na cika masa baki cewa man kwalta ya fi komai maganin gara. Sai ya haɗa biyun: ya shafa, sannan ya jiƙa. Ban gaya masa kada ya kusanci ruwa ba. Ban ma tuna ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu
Kawu Waliyyu masunci ya kai ƙara wurin mai gari. Ya ce in abincin kifi ya ƙare, shi da iyalinsa me za su ci? Baba ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Ni nas sa su, ba wanda yac ce in sa." Inna ce ta ba ni labari.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
An fid da dirkokin. Na faɗa wa Malam abin da ya faru, amma na tsallake inda nake ciki. Kunya nake ji, in faɗi gaskiya.

Asabar, 2 ga Maris
Baba ya zo makarantarmu a Aliero kan babur da ruwan tabki a gora. Ya ce, "Duba min, ɗiyata, ko sun komo? Idona ba ya ganin su."

Na juye ruwan a kwalba, na ɗaga ta a hasken taga. Guda biyu suna ta tsalle. Na daɗe ina kallonsu, ban ko ɗauki biro ba.

Gobe zan bi ta gidan Kawu Waliyyu. Akwai maganar da Baba bai faɗa gaban mai gari ba.